Wai ba'a sa fararen kaya da sanyi a Amurka? Amsa ga amaryar Bronx

Salam Anti, ni 'yar Kano ce, wata bakwai kenan da na biyo maigidana Amurka, muna zaune a Bronx cikin birnin Niyok kuma na samu ɗan aiki a wani kantin magani. Satin da ya wuce na sa farar abaya da farin mayafi na tafi aiki, sai wata baturiya da muke aiki tare ta kalle ni tana dariya tace wai ban san ba'a sa fari bayan Leba De ba, wato ranar ma'aikatansu ta farkon Satumba? Wlh ji nayi kamar ƙasa ta tsage in shige, tun ranar ban ƙara taɓa farin kaya ba, gashi kusan rabin lefena farare ne, maigida kuma yace shi bashi da kuɗin haɗa wani lefen. Sannan Hajiyarsa ta aiko min da farin leshi mai tsada, duk sanda muka yi waya sai tace har yau bata ga hotona dashi ba. Da niyyata in sa shi bikin auren wata ba'amurkiya da muke aiki tare a watan Nuwamba, ko kuma sunan matar abokinsa da ake sa ran zata haihu a Disamba, yanzu duk na rikice. Dan Allah ya zanyi?

Wa alaikumussalam amarya, sannu da baƙunta, sannu kuma da sanyin da bai ma iso ba tukuna, dan wanda kike ji yanzu a Oktoba ɗan aike ne kawai, mai gayya yana tafe a Janairu. Na karanta saƙonki sau biyu, na farko dariya nayi, na biyu kuma sai da na dafe ƙirji, kuma ba maganar baturiyar ce ta sa ni dafe ƙirjin ba, wancan layin ne da kika jefo can ƙasa kamar ba komai ba, wai zaki sa farin leshi kije bikin ba'amurkiya. Tohm bari mu fara ta nan tunda nan ne wutar take.

Kar ki sa ƙanwata, ko da wasa. A wajensu ranar biki fari na amarya ne ita kaɗai, duk macen da ta shigo da farin kaya kallon 'yar baƙin ciki ake mata, wadda tazo ta ƙwace wa amarya ranarta, kuma ba wanda zai zo ya faɗa miki a fuska, murmushi zasu ta yi miki sannan a kwashe wata shida ana zancenki a wajen aiki. Mu a gida kin sani ango da abokansa su cika ƙofar gida da farar shadda ranar ɗaurin aure, ƙawaye ma in sunga dama su fitar da ankon farin leshi, babu wanda zai ce uffan, to su ba haka bane. Tun da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa farar riga ranar aurenta a 1840 abin ya dinga bazuwa har ya zama al'adar da kowa ya tashi ya tarar, kuma abin dariya a watan Fabrairu akayi wannan auren, tsakiyar sanyi. Gashi naki ma leshi ne, su kuma rigunan amarensu da yawa da leshi ake yinsu, kinga kenan sai a rasa wacece amaryar a hoto. Har ruwan madara da duk kalar da in aka haska mata fitilar kamara zata koma fari ki bar su a akwati ranar, sai dai in a jikin katin gayyatar an rubuta ƙarara cewa kowa yazo da fari. Ki ɗauko atamfarki mai kyau ko wani leshin kore ko shuɗi ko ruwan goro, ki kafa ɗaurinki, ni na san sai sun bi ki suna tambayar inda aka ɗinka miki.

Wannan ita ce dokar farin kaya da take da rai a Amurka. Waccan ta Leba De kuwa ta daɗe da mutuwa, sunanta kawai ya rage a bakin mutane.

Leba De ranar ma'aikata ce tasu, mu namu 1 ga Mayu ne su kuma Litinin ta farko a watan Satumba, a garin da kike zaune ma aka fara yin maci dominta a 1882, sannan a 1894 ta zama hutun ƙasa baki ɗaya, kuma a wajensu ita ce alamar lokacin zafi ya ƙare yara sun koma makaranta. To a wancan zamanin babu na'urar sanyaya ɗaki, masu hannu da shuni in zafi ya matsa sai su bar birni su tafi gidajensu na bakin teku irin su Newport a jihar Rhode Island, su yi ta yawo cikin fararen kaya marasa nauyi, in Satumba ta kama su dawo birni, birnin da ya cika da hayaƙin kwal da kashin dawakai a titi, wa zai sa fari a nan? Sai a ninke fararen a ɗauko masu duhu masu kauri. Abu ne na larura da farko, daga baya sai ya koma abin gane ɗan gidan wane da wanda jiya jiya yayi kuɗi, wanda bai san dokar ba a yi masa dariya a bayan ido. Kinga ashe ma tun asali abin na wariya ne, ba addini ba, ba doka ba, ba ma al'adar talakan ƙasar ba. Yau ba kwal ba dawakai, ga injin wanki a kowane lungu.

In kina son hujja, ranar 7 ga Nuwamba 2020 da Kamala Harris ta fito tayi jawabin cin zaɓen mataimakiyar shugaban ƙasa a jihar Delaware, farar kwat da farin wando ne a jikinta, wata biyu cur bayan Leba De, duniya na kallo. A Fabrairun 2019 kuma da shugaban ƙasa yazo majalisa yin jawabinsa na shekara, mata 'yan majalisa da yawa fari ƙal suka saka dan tunawa da matan da suka yi gwagwarmaya har aka bai wa mata damar jefa ƙuri'a a 1920. Amma ni duk ba sai kin je da nisa ba, a kantin magani fa kike aiki amarya, shi mai haɗa maganin naku wace kalar riga yake ɗorawa a Janairu? Gobe in ta sake miki maganar kiyi dariya ki nuna mata shi kice to a fara da oga. Ni a ganina ma tsokana take, dan yawancinsu yanzu da wasa suke faɗar wannan maganar, kamar yadda mu zamu ce wa mutum yau kuma kwalliyar sallah aka ɗauko. Ke ce baƙuwa, komai aka faɗa sai ya tsaya miki a rai, nima nayi wannan zaman. Sai dai fa in kika ga abin ya wuce kalar kaya ya koma kullum abayarki, kullum mayafinki, to wannan wata magana ce daban, ki samu shugaban wajen ki faɗa masa tun abin bai girma ba. Mu da aka kwaɗaitar damu sa fararen tufafi a hadisi, mu da mazanmu ke fita masallacin Juma'a da farar shadda a tsakiyar hunturu ƙura na tashi kamar an watsa gari, ba wata ce zata hana mu da dariya ɗaya ba.

Yanzu ga inda gaskiyar magana take, abin da zai hana ki jin daɗin fararen kayanki ba bakin mutane bane, sanyi ne da kuma ƙasan titi, kuma a nan ne zan daɗe dan ni jiki magayi.

Sanyina na farko a ƙasar nan aka gayyace mu suna a watan Janairu, na ɗauko farin leshina na fitar biki, zani har ƙasa yana sharar titi yadda muke so, takalmi mai tsini, na ɗora wata 'yar jaket iya ƙugu dan kar ta rufe min aikin wuya. Dusar ƙanƙara ta zuba kwana biyu kafin nan, ni a tunanina tana nan fara tas yadda nake gani a talabijin. Ashe ita farinta na yini ɗaya ne, daga an watsa mata gishiri motoci sun bi ta kai sai ta narke ta koma wani baƙin caɓi mai haɗe da man mota, ya taru a bakin titi daidai inda mutum zai tsallaka, samansa kuma sai kiga kamar busasshiyar ƙasa. Ina saukowa daga bas na jefa ƙafa, ji kawai nayi cuɓul har idon sawu, ruwan sanyi ya cika takalmin, gindin zanin ya sha ya ƙoshi, kafin in ƙarasa gidan sunan baƙin ya haura kusan tafin hannu guda. Haka na zauna a lungu na naɗe ƙafa ina rawar ɗari, wata Hajiya 'yar Kumasi ta kalle ni ta girgiza kai tace yarinya yaushe kika zo, nace wata huɗu, tace ai na gani. Ita kuwa da na lura sai naga da wando mai kauri da but, wato takalmin sanyi mai rufe idon sawu, da doguwar kwat ta shigo, leshinta da takalminta da ɗankwalinta suna cikin jaka, ta shiga ɗaki minti goma ta fito kamar daga Kantin Kwari aka sauke ta. Nawa zanin duk wankin da nayi bai koma ba, ƙarshe tela ne ya yanke gindin.

To abin da zakiyi ranar sunan kenan, leshin Hajiya a jaka, ki canza a can, duk matanmu na Bronx haka sukeyi babu mai miki kallon komai. In kuma gidan ba wajen canzawa, ki sa wando mai kama jiki a ciki, ki ɗage zanin ki ɗaure shi sama sosai ya tsaya wajen gwiwa, doguwar kwat ta rufe, but a ƙafa, kina shiga ƙofa ki sake shi ki canza takalmi. Ko abayar zuwa aiki ma ki duba tsawonta, duk wadda take taɓa ƙasa ki kai a rage ta ta tsaya saman idon sawu, but zai rufe sauran. Ranar da kika leƙa taga kika ga titi ya jiƙe, fari ya tsaya daga ƙugu zuwa sama, ƙasa kuma ki sa mai duhu. Ranar da gari ya bushe, kuma irin ranakun nan suna da yawa a Oktoba da Nuwamba har cikin Disamba, ki sa farinki daga sama har ƙasa ki fita abinki.

Sai maganar ɗumi. Shadda auduga ce, komai tsadarta, ko Getzner ce, bata riƙe ɗumi, in ma ta sha sitati sai ta tsaya ƙiƙam iska na shiga ta ƙasa tana fita ta wuya, leshi kuwa ba'a magana, taga ne da labule. Dan haka ba farin bane matsalar kayan lefenki, rashin kauri ne, an ɗinka su ne dan zafin Kano. Maganinsa kayan ciki masu riƙe ɗumi, riga mai dogon hannu da wando, sirara ne basa ƙara miki jiki, Uniqlo suna da wasu da suke kira Heattech, sauran kantuna ma kowa da nasa. Amma ki kula, kar ki sayi farare kice ai fari zaki ɗora, fari a ƙarƙashin fari shatinsa fitowa yake raɗau a kan baƙar fata, ki nemi ruwan ƙasa wanda yafi kusa da kalar jikinki, shi ne yake ɓacewa. Kuma kar ki jibga abu ɗaya mai nauyi da bazaki iya cirewa ba, dan a Niyok doka ce daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu masu gidajen haya su kunna ɗumi, da rana in waje yayi sanyi dole cikin gida ya kai digiri 68 a ma'auninsu, wato 20 a namu, tsofaffin gidajen Bronx kuwa wani lokacin wuce nan suke har sai an buɗe taga, ki haɗa da mata talatin a falo ɗaya da tukunyar shinkafa, kinga gumi kenan, gumi kuma shi ke mayar da hammatar farar riga ruwan ɗorawa.

In zaki ƙara wani abu a kayanki, su da kansu suna da abin da suke ce wa farin hunturu, wato farin da ya ɗan sirka, ruwan madara, kalar hauren giwa, a yadi mai kauri irin ulu ko saƙa, ki shiga kowane kanti yanzu zaki ga an jera su, wanda shi kaɗai ya isa ya nuna miki dokar nan ba mai binta. Suwaita ruwan madara doguwa akan siket ruwan ƙasa ko ruwan toka, da mayafi mai kauri, wlh kyau take, balle a fatarmu, balle a Disamba da rana ke faɗuwa wajen huɗu da rabi kowa ya shige cikin baƙin kaya kamar ana zaman makoki. Farar abayarki ma in kika ɗora mata kwat kalar raƙumi da but ruwan ƙasa ta zama kayan sanyi. Abu ɗaya da ni bana so shi ne fari ƙal mai sheƙi a manne da ruwan madara, sai madarar ta zama kamar farin da ya sha jiki, in zaki haɗa su to yadin ya bambanta sosai, ɗaya saƙa ɗaya santsi, ko ki raba su da wata kala a tsakani. Wasu suna haɗawa haka nan kuma suna ganin yayi, ni dai idona bai karɓa ba.

Farar kwat kuwa kar ki fara da ita. Na san zata ɗauki idonki, amma mai hawa jirgin ƙasa da bas kullum, ta jingina nan ta goga can, sati biyu bakin hannun ya koma toka, kuɗin kaita wajen masu wanki a shekara ya sayi wata. Kwat ɗinki ta farko ta zama mai duhu ko ruwan ƙasa, doguwa har ƙasan gwiwa. Ki duba cikinta yana da shafi mai santsi, dan baƙin ulu yana zubar da gashi akan farin kaya, ki kuma ajiye ɗan abin nan mai gam da ake mirginawa a kan kaya ya kwashe gashi a jaka. Sabon jins da baƙar jaka mai rini suma suna zuba, ranar da aka yi ruwa sai ki tarar da shuɗin layi a ƙugunki.

Abokan gabar farin mayafi kuma a kan madubinki suke. Sanyin can busar da fata yake fiye da hunturun gida, zaki ta labta basilin da mai, ki ɗora hoda, duk su ƙare a bakin mayafi da wuyan riga, dan haka ki shafa manki da wuri ya shige jiki kafin ki sa kaya, ki sa ƙaramar hula ko siririn ɗankwali a ciki. Humra da turare mai maiƙo a fata ko a kayan ciki, kar ki ɗiga a jikin farin yadi, tabon baya fita da daɗi. Turaren wuta kuma ki nisanta kaskon da kayan, ki kuma nisanta shi da ƙararrawar hayaƙin da ke manne a silin, wannan labarin wata rana ne.

Wanki, nan ne za ki tuna gida, babu mai wanki da guga da zai zo ƙofa, babu igiya babu rana, babu masu bugu. In kinje gidan injin wanki farare su kaɗai, ki leƙa cikin injin ki juya shi da hannu kafin ki zuba dan jar safar wani guda ɗaya ta isa ta mayar miki da lefe ruwan hoda. Tabon mai ko hoda ko miya ki ɗiga masa sabulun wanke wanke ki murza tun yana ɗanye, kuma kar ki jefa kaya a injin busarwa sai kin tabbata tabon ya fita, zafin nan zaunar dashi yake har abada. Bilic irin Clorox, wanda yake kamar Hypo ɗinmu, kar ya kusanci ulu ko siliki ko duk yadin da yake da roba, cinye su yake ko ya mayar dasu ɗorawa, garin OxiClean yafi sauƙi a kan auduga in kin jiƙa, amma shima ba'a sa wa ulu da siliki. Shaddarki mai tsada da leshin Hajiya da hannu cikin ruwan sanyi a bahon wanka, ki shanya a ciki. In wani zai taho daga gida kice ya riƙo miki bula, har yanzu banga abin da ya kaita dawo da hasken farin auduga ba. But kuma in gishirin titi ya masa farin zane, ruwa da binega, wato ruwan khal, rabi da rabi a tsumma ki goge.

Maigida yayi gaskiya, ba sabon lefe kike buƙata ba, kije masa da lissafi ɗan kaɗan, kwat ɗaya, but ɗaya mara shan ruwa, kayan ciki saiti biyu, suwaita ɗaya ko biyu, shi kenan duk fararen nan sun tashi daga akwati. Ki lallaɓa shi ku zaga Fordham Road, titin kantunan nan na Bronx, ko ku jira ragin da akeyi washegarin bikin godiyarsu a ƙarshen Nuwamba, amma but ɗin kam kar ki jira, kantunan kayan gwanjo ma suna da kwat masu kyau in kin iya tonawa, ba abin kunya bane kowa na shiga.

Hajiya kuma bana jin sai kin jira Disamba, haihuwa ba'a mata alƙawari, kuma tsohuwa in ta faɗi abu sau uku to ta fara sa shi a rai. Ranar Juma'ar nan ki sa leshin a cikin ɗaki, ki kafa ɗauri, ki tsaya kusa da taga inda haske yake, maigida ya ɗauke ki, ki tura mata da saƙon murya kina godiya kice kin ajiye shi ne sai babban taro. Ranar sunan ki ƙara mata wani a cikin mutane, amma ki tabbata kin cire but ɗin kafin a ɗauka, dan in ta hango wannan ƙaton takalmin a ƙarƙashin leshinta sai kin kwana kina mata bayani. Nima ki turo min in gani.